Abin da aikin banki ya koya mini kan tsabar kuɗi

Tunda na ajiye aikin, yanzu bakina ya buɗe.

Shugaban sashenmu lamba ɗaya yake dubawa: mutum nawa suka sauke manhajar bankinmu a wata. Duk na'urar ATM da kuɗin lodinta, da motar dakon kuɗi, da masu rakiya suka zarce abin da take kawowa, sai ya ja mata jan biro. Da aka zo kan wani reshe da yawancin kwastomominsa 'yan fansho ne, na rubuta masa cewa a bar musu nasu. Na san su. Akwai dattijon da ke ƙirga kuɗinsa sau biyu a gaban kanta, yana lasar yatsa, sannan ya raba kashi-kashi, na haya daban, na magani daban. Da haka yake gane abin da ya rage masa.

A taron Litinin oga ya karanta takardata a gaban kowa, ya ce, "Ga mai son mayar da mu zamanin da." Aka kwashe da dariya. Ƙarshen shekara ya rubuta cewa ba na tafiya da zamani, ƙarin girma ya wuce ni.

Aka cire na'urorin, rahoto ya yi kyau. Ai dole. Wanda ya koma biyan wani lada kafin ya taɓa kuɗinsa, ko ya miƙa wa jikansa kati da lambar sirri, ba ya fitowa a rahoto.

Abin haushin, ƙasashen da yake kafa mana hujja da su tuni suka taka birki. Suwidin ta wajabta wa manyan bankunanta samar da wuraren cire kuɗi tun 2021. A Norwe, daga Oktoban 2024, an ƙarfafa dokar da ta hana shago ƙin karɓar tsabar kuɗi. A Birtaniya dokar 2023 ta ba FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, ikon tabbatar da cewa jama'a na samun tsabar kuɗi, kuma daga Satumban 2024 sai an tantance buƙatar jama'a idan za a rufe reshe ko ATM. Ranar 28 ga Afrilun 2025 da wuta ta ɗauke a Sifen da Fotugal, mai takardar kuɗi a aljihu ne ya yi sayayya hankali kwance.

Sauran darussan ba su da tsawo. Adana kwafin duk takardar da ka aika sama. In za ka ja da oga, same shi shi kaɗai a ofishinsa, kuma tafi da lissafi, don labarin dattijo ba ya motsa shi.

Shi dai ya samu ƙarin girmansa. Na ji an ce yanzu kwamitin jin daɗin kwastoma yake shugabanta.