Kyandir huɗu a gwangwanin tumatir

Gaskiya ba tsabar ibada ce ta sa na sauƙaƙa mana hidimar Kirsimeti ba, bashi ne. A 2023 na yi wa gida duka anko, na zuba kuɗin adashe a atamfa da takalma, ga shi an cire tallafin mai, komai ya yi tashin gwauron zabo. Daren jajibere a shagon tela na raba dare ina gadin ɗinki, da safe kuma na yi ta gyangyaɗi a coci. Sai watan Maris na gama biyan mai atamfa.

Da shekara ta zagayo na ce wa maigida, "Baban Ladi, bana fa babu anko." Bai yi musu ba. Maimakon anko muka ce mu yi Adbent. Shi a Katolika ya tashi, ni kuwa a gidanmu ba a maganar Adbent, shi ya fayyace mini: Lahadi huɗu ne kafin Kirsimeti, lokacin jiran zuwan Almasihu, kowace Lahadi a ƙara kunna kyandir ɗaya. Uku shunayya, ɗaya ruwan hoda na Lahadi ta uku, ranar murna.

Na zaga kasuwar Terminus ta Jos ban dace da masu launin ba, sai na sayo farare na yau da kullum. Yara suka wanke gwangwanayen tumatir, suka cika su da yashi, muka kafa kyandir ɗin a kan tire, na ɗaura wa kowanne zaren launinsa. Ranar 1 ga Disamba 2024 ta faɗo Lahadi, ga Bisharar Luka sura 24 ce cif, sai muka ce kullum sura ɗaya bayan tuwon dare, mu kammala ranar jajibere.

Ran farko na gane na ɗauko da zafi. Sura ta farko aya 80 ce. Kafin Zakariya, mahaifin Yahaya Mai Baftisma, ya buɗe baki autana ya yi barci a cinyata, hunturun Jos kuma yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa kamar an aiko shi. Daga nan muka koma zaɓen labari ɗaya a cikin surar, Ladi ta karanta da Hausa, tana tuntuɓe, babanta yana gyara mata. Minti goma, addu'a, sai kwanciya.

A mako na biyu mun yi fashin kwana uku saboda fita wa'azin Zumuntar Mata da mura. Na dage sai mun rama duka a dare ɗaya, aka ƙare da kuka da tsawa. Kakarsu, da ke zaune gefe cikin bargo, ta ce, "'Yata, jira ake yi, ba jarrabawa ba." Ban sake ramuwa ba. In mun tsallake, sai mu ɗora daga surar ranar.

Abin da ban shirya masa ba shi ne 23 ga wata. Unguwar Rukuba ta kaure da ƙarar knockout da ƙamshin cincin, mu kuwa muna karatun gicciye Almasihu. Autan ya ɗago kai ya ce, "Mama, ai ba a haife shi ba tukuna, yaya aka kashe shi?" Na rasa ta cewa. Babansa ya ce masa ya jira gobe. Washegari, wuta ta ɗauke, muka karanta tashinsa daga matattu da hasken kyandir huɗun nan, na farkon saura ɗan guntu.

Ladi ta ɗan kumbura fuska kan rigarta ta gwanjon kasuwar Katako, ba zan ɓoye ba. Amma kuɗin ya isa kaji biyu, har na aika wa maƙwabciyarmu Hajiya shinkafa a babban kwano, kamar yadda take aiko mana nama da Babbar Sallah. Gwangwanayen suna nan a saman kabad da yashinsu, Ladi ta hana a zubar.