Makarantar marayu a saman sabili

Talata. Darasin nahawu bai yiwu ba, sai na taka zuwa titin Mu'izz, a nan Alƙahira, neman carbin da Inna take ta yi mini tuni a kai. Ban samu irin wanda take so ba.

Inda titin ya rabu biyu, nan Sabilin Abdurrahman Katkhuda yake, wato gidan rabon ruwan sha, ginin 1744. Yau na shiga. Ƙasa ɗakin ruwa ne mai manyan tagogi uku da ragar ƙarfe, ta nan a da ake miƙa wa mai wucewa ruwa kyauta. A lokacin, daga Nilu ake ɗauko shi a salka a juye a matarar da ke ƙarƙashin ginin. Bangon duk tayil shuɗi, har da zanen Ka'aba. Na ji daɗi ƙwarai.

Da na hau bene, dattijon da ke gadi ya biyo ni yana haki.

"Ɗana, a da nan marayu suke karatun Alƙur'ani."

Na ce, "Baba, mu ma muna da irinta, makarantar allo."

"To wa yake ciyar da naku?"

Na yi shiru. Ya ce a da, mai kuɗin da ya gina irin wannan wuri ba ya tsayawa a kan bulo. Sai ya yi wakafin shaguna ko gidajen haya, kuɗin da suke kawowa a biya malami, a sayi burodi da tufafi wa yaran, duk a rubuce cikin takardar wakafi. Sarki Ƙaitbay na Masar ma ya yi nasa a titin Saliba tun 1479, ƙasa ruwa, sama marayu.

Tun da na sauko raina ba daɗi. Yaron nan nake ta gani, mai koren roba, da ke tsayuwa a zaurenmu bayan isha'i yana "ko ɗan ƙanzo, Iya". Cikin hunturu ma rigarsa ɗaya. A layinmu kaɗai masallatai nawa aka sa wa tayil da fanka? Ban san shago ko ɗaya da aka ce hayarsa ta tuwon almajirai ce ba, alhali muna da masu hali, kuma babin wakafi muna karanta shi a fiƙihu.

Na kira Yaya da daddare na ce shagon Baba da ke rufe fa? Ya ce sai an zauna da sauran magada bayan sallah. Na ce zan tuna masa, ya ce ya san hali.

Wanki bai bushe ba. Gobe hadda da sassafe.