Me ya sa ba a haɗuwa kan Wuthering Heights?

Tun da littafin Emily Brontë ya fito a 1847 da sunan aro na Ellis Bell, bakin masu karatu bai taɓa zuwa ɗaya a kansa ba. Wasu na cewa labarin soyayya ne mai ratsa zuciya, wasu ba su ga komai ciki ba sai mugunta da ramuwar gayya. Da WAEC ta saka shi a manhajar adabin Turanci ta 2021 zuwa 2025, gardamar ta shigo azuzuwanmu. Abin da koyar da shi ya nuna min shi ne, yawanci saɓanin yana tasowa ne daga inda mutum ya tsaya da karatu.

Babi 34 ne, Catherine kuwa, masoyiyar jarumin labarin Heathcliff, ta rasu a babi na 16. Wanda ya ajiye littafin a nan, ko ya dogara da fim ɗin 1939 da ya yar da labarin 'ya'yan gaba ɗaya, zai ɗauki Heathcliff maraya ne kawai da aka tsinto a Liverpool aka wulaƙanta. Wanda ya ƙarasa ya ga yadda ya hana Hareton, ɗan wan Catherine, ilimi, ya kulle ƙaramar Cathy, 'yar Catherine, a babi na 27 har sai da ta auri ɗansa, duk don ya mallaki gidan mahaifinta, Thrushcross Grange. Ko a rabin farko ma ya rataye karen Isabella, wadda ya aura, amma masu son sa sukan tsallake wannan.

Sai maganar mai ba da labari, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Lockwood baƙo ne, daga bakin mai aikin gida Nelly Dean ya ji kusan komai, ita kuma da hannunta a cikin lamarin. A babi na 9 ta ga Heathcliff ya sulale ya fita bayan ya ji Catherine na cewa aurensa zai zubar mata da daraja, ba ta faɗa mata nan take ba, ya tafi shekara uku. A babi na 12 ta ɓoye wa Edgar rashin lafiyar matarsa Catherine. Mai gaskata Nelly da mai tuhumarta ba za su yanke wa Catherine hukunci iri ɗaya ba.

Kafin a buɗe babi na farko, a zana jerin dangin gidajen biyu, Wuthering Heights da Thrushcross Grange, a allo, domin Catherine biyu ce, Linton kuma sunan iyali ne kuma sunan ɗan Heathcliff. In ba a yi haka ba, rabin gardamar ruɗanin suna ne. Bayan an gama karatu a raba aji biyu, kowane ɓangare ya kawo hujja uku da lambar babi, ɗaya aƙalla daga bayan babi na 16. Daga nan su yi musayar matsayi, masu kare Heathcliff su koma masu tuhumarsa, da sababbin hujjoji uku.