Laftof ɗina tana zaune ba ta komai, amma ram ya kai kashi 87

Makonni uku da suka wuce saura ƙiris in kai laftof ɗina a yi mata fomat. Har na kwashe hotunan biki da takardun aiki na zuba a filash, na ware kuɗin ƙarin ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin, ina jiran Asabar in shiga Beirut Road, kasuwar waya da kwamfuta ta Kano. Abin da ya kai ni ga haka kuwa, zan kunna ta da safe, ban buɗe komai ba wallahi ko burauza, in je in yi wanka in karya in dawo, sai in tarar had-dis na ta ƙurƙur kamar ɓera a cikin kwali, in na danna abu sai na ƙirga goma kafin ya buɗe, in kuma na danne Ctrl da Shift da Esc aka fito min da Task Manager, allon da ke nuna abin da kwamfuta ke yi, sai in ga Memory, wato ram ɗin, 87%. Giga 8 gare ta. Kusan giga 7 ke nan a hannun wani, ni kuwa ko harafi ɗaya ban rubuta ba.

Abin da kowa zai yi shi na fara yi, na jera manhajojin daga mai cin da yawa zuwa mai cin kaɗan. Na sama shi ne Antimalware Service Executable, wato antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, yana riƙe da mega ɗari biyu da wani abu. Sauran duk tarkace ne, wannan 60 wancan 30. Na ɗauko waya na buga lissafi, duka-duka ba su cika giga 2 ba. To ina sauran biyar? Nan fa kaina ya ɗaure. Daga baya ne na gane wannan layin ba ya nuna maka duk abin da ke cikin ram, kason da kowace manhaja ta keɓe wa kanta kawai yake nunawa, abin da Windows ɗin kansa da direbobi, wato manhajojin da ke haɗa shi da sassan kwamfutar, suka riƙe ba ya ciki, shi ya sa ko ka kwana kana tarawa lissafin ba zai taɓa haɗuwa ba.

Ƙanena da ke ganin ya fi ni sanin kwamfuta ya leƙo ya ce, Yaya bairos ne, ka sa mata mai wanke ram kawai. Na biye masa. Irin manhajar nan mai hoton roka, ka danna ta tashi sama ta ce ta ƙwato maka kaza. Lambar ta sauko 79, na yi murmushi, kafin in gama shan ruwa ta koma inda take kuma kwamfutar ta ƙara nauyi. Dalili kuwa ba wani wanki take yi ba, tilasta wa manhajojin da ke aiki take yi su saki abin da suke riƙe da shi, wani a tura shi can cikin had-dis, minti ɗaya sun sake buƙatarsa sai an je an ɗauko, ni kuma had-dis ɗina tsohon yayi ne mai juyawa, ba SSD ba, wato sabon yayin nan mai sauri. Gudun gara aka faɗa gidan zago. Na cire ta a ranar.

Bari in ɗan tsaya a nan, don na lura mutane da yawa da ke kuka da ram ba su da matsalar komai. Ku dubi teburin mai shayi. Tun kafin kwastoma na farko ya zo ya jera burodi da ƙwai da madara da kofuna a kai, ba ya barinsu a cikin kwali a ƙarƙashin tebur don a ce teburinsa fes, saboda ya san za a tambaya. Ram shi ne teburin, had-dis shi ne kwalin. Tun zamanin Vista Windows ke da wani abu da ake ce wa Superfetch, yanzu sunansa SysMain, aikinsa ke nan, ya lura da abin da ka saba buɗewa ya ɗora maka a kan tebur tun kafin ka nema. In ka shiga Performance ka danna Memory za ka ga wata lamba an rubuta Cached, tana iya kai giga biyu ko uku, kar ta ba ka tsoro, yawancinta aro ne da ake mayarwa nan take da zarar wata manhaja ta nemi wuri, shi ya sa ma ake lissafa shi cikin Available. Kuma Windows 11 da kansa giga 4 ne mafi ƙarancin abin da yake nema kafin ya yarda ya hau, saboda haka in kana da 8 ka ga 40 ko 45 cikin ɗari tana zaune, kuma komai na buɗewa da wuri, Malam ka rufe Task Manager ka ci gaba da harkarka. Ram ɗin da ke zaune fanko ba ladan da yake samo maka.

Tawa dai ba haka ba ce. Available mega 900 da ɗoriya, Cached ɗin ma ɗan mitsitsi, ga nauyi. Wato wani ne ya mamaye teburin ya ƙi tashi.

Na bi ta kan na saman-saman tukuna. A Task Manager akwai wajen Startup, inda ake ganin masu tashi tare da kwamfuta ba tare da an gayyace su ba, na samu guda 14, har da manhajar firinta da na rabu da ita tun bara, na kashe tara. Na shiga saitin Chrome na kashe wancan zaɓin da ke barinsa ya ci gaba da aiki a ɓoye bayan an rufe shi, na kashe Startup boost a Edge tunda ba na amfani da shi. Na duba Hardware reserved, don na taɓa ganin kwamfutar wani abokina mai giga 8 da aka ɗora mata Windows mai 32-bit, wanda ba ya iya amfani da sama da giga 4, rabin ram ɗinsa na zaune a banza shekara da shekaru bai sani ba. Nawa lafiya lau, mega ɗari da kaɗan ne, na bangaren hoto. Duk wannan ya rage kamar mega 600. An samu sauƙi amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Sai wani dare an ɗauke wuta, batir na 40, ina zaune ina ta kallon shafin Memory ɗin nan kamar mai kallon ƙwallo, idona ya sauka can ƙasa a kan wasu lambobi biyu da ban taɓa kulawa da su ba, Paged pool da Non-paged pool. Na biyun an rubuta 3.1 GB. Na je na duba kwamfutar ƙanena, nasa mega 280. Kai!

Shi wannan Non-paged pool wuri ne da zuciyar Windows da direbobi ke ajiye kayansu, direba ina nufin 'yan ƙananan manhajojin nan da ke sa kwamfuta ta yi magana da wayafai da sauti da firinta da duk abin da ka soka mata. Kuma abin da aka ajiye a nan doka ce muddin kwamfuta na aiki ba a fitar da shi zuwa had-dis, dole ya zauna a ram, shi ya sa mai rokar nan ba ta iya taɓa shi ba. A lafiyayyar kwamfuta 'yan ɗaruruwan mega ne. In ka ga ya kai giga biyu uku to akwai direban da ke karɓar aron kofi ba ya dawowa da shi, ya karɓa yau ya karɓa gobe, har mai shayi ya rasa abin zuba wa mutane.

Amma abin da ya fi ɗaure min kai, ai kullum da dare ina kashe ta. In yoyo ne yake taruwa a hankali, me ya sa da sassafe ina kunnawa nake tarar da shi a cike? Na koma shafin CPU, akwai wani wuri Up time da ke nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne. Kwana 41. Ni da na kashe ta jiya da hannuna bayan sallar isha'i.

Ashe tun Windows 8 da ya fito a 2012 akwai abin da ake kira Fast Startup, kuma a yawancin kwamfutoci a kunne yake zuwa. In ka danna Shut down, manhajojinka ne ake rufewa a fitar da kai, amma ita zuciyar Windows da direbobin ba a kashe su, naɗe su ake yi yadda suke a zuba cikin wani fayil mai suna hiberfil.sys, da safe a warware a mayar, don ta tashi da sauri. Dabara ce mai kyau in komai lafiya. In kuwa wani direba ya tara shara, to har sharar ake naɗewa a dawo maka da ita. Restart ne kaɗai ke rushe komai a fara daga farko, ko kuma ka danne Shift lokacin da kake danna Shut down. Ni kuma a tunanina na da, kashewa gaba ɗaya ta fi ristat ƙarfi, ina ganin ristat na malalata ne, rabon da in yi shi tun wani sabuntawa da ya tilasta min, kwana 41 ɗin ke nan.

Na yi ristat. Ta tashi a 39%, Non-paged pool mega 190. Har na tashi ƙanena daga barci ya zo ya gani, ya ce to Yaya ai shi ke nan, na ce ina, an kwashe ruwan ne ba a toshe ramin ba.

Neman ramin ne ya ci min kwana huɗu. Na sauke RAMMap, kyauta ne, cikin kayan Sysinternals na Mark Russinovich da Microsoft ta saya tun 2006, shi yana fasa maka ram ɗin gida-gida ka ga kowane kaso wa ke riƙe da shi. Na riƙa rubuta lambar a bayan wani rasit safe da yamma. Ranar da ban haɗa ta da intanet ba ko motsi ba ta yi. Ranar da na kunna mata hotspot na waya na sauke wani fayil babba, ina kallo tana hawa, 210, 260, 340, na gama saukewa ta ƙi saukowa. To ka ga an rage masu laifi, wani ne a ɓangaren netwok. Kuma wannan ya warware min batun tana zaune ba ta komai, don ko ba ka taɓa ta ba muddin da intanet tana ta sabunta kanta da ɗora fayiloli a bayan fage.

Daga nan sai PoolMon, wanda ke cikin Windows Driver Kit, shi ke nuna yawan wurin da direbobi suka karɓa a pool ɗin. Gaskiya wannan ba shi da kyan gani, baƙin allo ne da rubutu ya cika shi, kuma sai ka buɗe shi a matsayin admin. Ka danna P har ya rage Nonp, wato Non-paged, kaɗai, ka danna B ya jera su daga mai yawa. Kowane direba in zai karɓi wuri yana manna wata alama mai harafi huɗu, na saman nan shi ne mutuminka. Na kwafi haruffan, na shiga C:\Windows\System32\drivers ta cmd, allon da ake rubuta wa Windows umarni, na rubuta findstr /m /l sai haruffan sai *.sys, ya fito min da fayiloli uku, biyu na Windows ne, na ukun na danna Properties na ga sunan da ya sa na yi dariya ni kaɗai. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Manhajar wani tsohon modem ce, irin mai kama da filash ɗin nan da ake saka wa sim, wanda na yi amfani da shi lokacin ina bautar ƙasa, modem ɗin kansa ban san inda yake ba yanzu, wataƙila yara sun mai da shi mota. Manhajar ta dasa wani direba da ke zama a tsakanin kwamfuta da duk wata hanyar intanet yana ƙirga data, modem ya tafi shi bai tafi ba, ya koma ya laƙe wa wayafai, kuma an rubuta shi ne don Windows na wancan zamanin.

Na cire manhajar, na shiga Properties na wayafai ɗin na tarar sunansa na nan cikin jerin da alamar tik a gefensa, na cire shi a nan ma, na yi ristat na gaske. Fast Startup kuma na kashe shi, yana Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, sai ka danna rubutun sama da ke buɗe saitin da aka kulle kafin ya bari ka cire tik ɗin. Tashinta ya ƙara kamar daƙiƙa 20, ban damu ba, kafin nan na zuba shayi.

Da fomat ɗin na yi da matsalar ta tafi, wannan gaskiya ne, mai gyara bai yi ƙarya ba da ya ce min Oga kawo ta a wanke kawai. Sai dai da na yi kwana biyu ina mayar da kayana, kuma na san halina, cikin fayil ɗin da nake ajiye manhajojin da nake sakawa bayan kowane fomat har da ta modem ɗin nan, da hannuna zan sake dasa ta. Ƙarin ram kuwa da sai dai ya ba yoyon fili, maimakon ya cika a wata ɗaya ya cika a wata biyu.

Yau kwana 16, na sauke abubuwa sun fi giga 20, Non-paged pool na yawo tsakanin mega 200 da 260, tana zaune a 38 zuwa 42 cikin ɗari. Asabar ɗin na shiga Beirut Road ɗin dai, amma SSD na sayo da kuɗin, ragowar canjin ƙanena ya karɓe wai ladan shawara.