Kwana Tara Ni da Duna a Kan Hanya

Kafin in tayar da mota na gama lissafina a takarda: kilomita 3,000 da ɗoriya, kwana shida, kullum tuƙin awa takwas ko tara. Na lissafa mai, na lissafa wuraren kwana. Wanda ban saka a lissafin ba shi ne Duna, baƙin karena mai nauyin kilo 22, wanda bai taɓa yin tafiyar mota da ta wuce zuwa wurin likitan dabbobi ba. Kwana tara muka yi, shi ya ƙara ukun.

Likitansa ya sabunta masa allurar ciwon haukan kare, ya ba shi maganin kaska da ƙuma, sannan ya nace in ɗaure shi a kujerar baya da rigar ƙirji mai maƙalewa da bel. Ya ce in da igiyar wuya na ɗaure shi, birki ɗaya mai ƙarfi zai tattara duk nauyinsa a maƙogwaro. Wannan na kiyaye.

Inda na yi kuskure shi ne abinci. Ranar farko na cika masa kwano don kada yunwa ta dame shi, muka kama hanya nan take. Ba mu yi awa ɗaya ba ya fara lasar baki, yana hamma, yawu na dalala, sai amai. Jirin mota daga can cikin kunne yake tasowa, inda jiki ke auna daidaitonsa: kunne na jin motsi, ido kuma na ganin kujera tsaye cak, sai ciki ya rikice. Daga ranar na koma ba shi ɗan kaɗan awa uku kafin tashi, babban cinsa sai da dare in mun sauka. Bai sake amai ba.

Da ni kaɗai ne, sai in yi awa biyar ban taka birki ba. Duna bai yarda da haka ba. Duk bayan awa biyu zai miƙe zaune, ya ɗora haɓarsa a kan kujerata, in ji numfashinsa a wuyana. Da fari raina ya ɗan sosu, ina duba agogo yayin da shi yake can yana sunsunar gindin itace ɗaya har minti biyar. A rana ta biyu na daina duba agogon. An ƙiyasta hancin kare na da ƙwayoyin jin ƙanshi da za su kai miliyan 300, namu kuwa kusan miliyan 6 ne. Wurin da nake gani fili ne kawai a gefen titi, shi labari yake karantawa a cikinsa, wa ya wuce, yaushe, ina ya nufa. Sai na koma bin sa a baya. Ta haka na sauka wani rafi da ba a hango shi daga kan kwalta, muka zauna a bakinsa har rana ta yi sanyi. Duk tafiyar nan babu wurin da ya zauna mini a rai kamar rafin nan, kuma da ba don shi ba, da na wuce ta samansa a guje.

Rana ta huɗu ce har yanzu in na tuna gabana ke faɗuwa. Na tsaya a wani gidan mai da tsakar rana, na ajiye mota a ƙarƙashin itacen da inuwarsa ba ta rufe ta duka ba, na sauke gilashi kaɗan, na shiga sayen ruwa. Na tarar da layi. Minti goma sha biyar na yi. Da na buɗe ƙofa, zafin da ya bugi fuskata ya gaya mini abin da na aikata. Duna na kwance yana haki da ƙarfi, harshe duk a waje, dasashinsa ya yi ja wur. Na ɗauko shi zuwa inuwa, na dinga zuba masa ruwan sanyi a ciki da hammata da ƙafafu, ina ba shi yana sha kaɗan-kaɗan, hannuna na rawa. Likitar dabbobin da na samu a gari na gaba ta duba shi ta ce mun yi sa'a.

Ita ta yi mini bayanin abin da ya kamata in sani tun farko. Kare ba ya zufa kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, in kuwa iskar da yake shaƙa mai zafi ce, hakin ba ya amfana masa sosai. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 gaɓoɓinsa na ciki na cikin haɗari. Motar da ke tsaye a rana kan ƙara zafi da kusan digiri 10 cikin minti goma, kuma ɗan sauke gilashin nan da muke dogara da shi kusan ba ya rage komai.

Daga nan na sauya tafiyar gaba ɗaya. Mu tashi tun duhu bai gama washewa ba, mu sauka kafin rana ta take, mu sake ɗan taɓawa da yamma. Kafin ya taka kwalta sai na ɗora bayan hannuna a kai. In ban iya jurewa ba, shi ma ba zai taka ba. Duk inda ba za a bar shi ya shiga ba, ni ma na haƙura. Masauki biyu sun ƙi karɓar mu, dare ɗaya a mota muka kwana, ya ɗora kansa a ƙafata har gari ya waye.

Na fito ne don ina son shiru, na kuwa samu. Amma na lura ina yi masa magana da yawa, abubuwan da na daɗe ban faɗa wa kowa ba, shi kuma yana barcinsa, sai dai kunne ɗaya ya motsa in na ambaci sunansa.

A rana ta tara, saura kilomita 40 mu isa, na ji haɓarsa a kujerata. Ina iya ƙarasawa cikin rabin awa. Na kunna sigina, na sauka gefen hanya, na ɗauko igiyarsa da kwanon ruwa.