Kalma ɗaya a takardar albashina

Wata Asabar bayan la'asar na dawo daga masallaci na tarar da maiɗakina zaune a kan sallaya, takardar albashina a hannunta. Rasit ɗin haya take nema a durowa ta ci karo da ita. Ba ta ɗago kai ba, sai ta ɗora yatsa a kan wata kalma can sama ta ce, "Malam, Turancina bai yi nisa ba, amma wannan kam na san ta." Single aka rubuta, wato mara aure.

Bakina ya mutu. Matar nan shekara uku ta yi a Zariya tana jiran biza, tana ɗakin Inna, tana shan maganganun mutane. A gidan biki a gabanta ake cewa wanda ya tafi Amurka ya tafi ke nan, wata ma har rantsuwa ta yi wai na auri Baturiya. Duk ta shanye. Yanzu ga ta a Houston, wata tara da zuwa, ga takarda daga wurin aikina tana gaskata su.

Abin ya samo asali ne tun 2021, ranar da na kama aiki a wani sito na kayan asibiti. Suka tula mini takardu, ciki har da fom ɗin da ake kira W-4, wanda da shi ne mai aiki ke sanin nawa zai yanke na harajin gwamnatin tarayya kafin albashi ya iso hannunka. A fom ɗin, mara aure da mai auren da zai yi lissafin harajinsa shi kaɗai gurbi ɗaya suka haɗa. Iyalina na gida lokacin, don haka nan na sa alama, kuma daidai na yi. Na'urarsu ce ta ɗauki kalmar farko ta bar sauran. Laifina shi ne da ta iso a ƙarshen 2023, ta samu lambarta ta izinin zama, ban koma na canza ba. Babu wanda ya ce mini ana canzawa. Na bayyana mata duk wannan a daren, ta ce ta ji, amma tuwon da ta tuƙa ni kaɗai na ci.

Washegari na ɗauki takardar na kai wa wani dattijo ɗan Maraɗi da muke sallah tare, wanda ya kusa shekara talatin a ƙasar nan kuma shi ke duba wa yawancinmu lissafin haraji. Ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "Ɗana, ai ba zuciyar iyalinka kaɗai ka ɓata ba, har aljihunka." Ya ja biro ya yi mini lissafi a bayan ambulan. A 2024, dala 14,600 na farko na mara aure ba a taɓa su da haraji, ma'aurata masu haɗa lissafi kuwa dala 29,200. Sannan kashi 10 cikin ɗari da ake fara ɗauka, na mara aure yana ƙarewa ne a dala 11,600, na ma'aurata sai 23,200. A albashina na dala 52,000, bambancin ya kusa dala 2,000 a shekara, wajen dala 76 ke nan duk mako biyu.

Na ce, "To Alhaji, kuɗin da hukumar haraji ta IRS ta turo mini a watan Maris fa?" Don ni a lokacin har sadaka na yi, na ɗauka wata falala ce. Ya ce, "Kuɗinka ne. Ajiya ka ba su shekara guda, ba su ƙara maka ko kwabo ba."

Nan ne abin ya fi ci mini rai. A damina Inna ta kwanta, hawan jini da ciwon suga suka haɗu mata. Ƙanena ya bugo da tsakar dare, ba ni da abin turawa, sai da na je na tsaya gaban wani abokin aiki ɗan Pakistan na ranci dala 500. Ban taɓa roƙon bare ba a rayuwata sai ranar. Ashe a daidai lokacin gumina na kwance a baitulmalin Amurka.

Da muka zo cike sabon fom, na ga wurin da ake rubuta waɗanda kake ɗauke da nauyinsu. Na ce alhamdu lillahi, yau za a san ni ba ni kaɗai ba ne. Na fara ƙirgawa: Inna, marayun yayana guda uku da nake biya wa makaranta, ƙanwata da ke karatun ungozoma. Alhaji ya girgiza kai. Wanda za ka rubuta sai ya kasance ɗan ƙasa, ko mazaunin Amurka, ko Kanada, ko Meziko. Mutum biyar ke ci daga albashin nan a Tudun Wada, amma a idon dokarsu babu ko ɗaya. Har yau ban gama haɗiye wannan ba. Wace irin ƙasa ce ba ta ƙirga uwa?

Sauran bai ɗauki minti goma ba. Na sa alama a gurbin ma'aurata masu haɗa lissafi, na bar mataki na biyu babu komai tunda ni kaɗai ke aiki. Alhaji ya ja mini kunne cewa ranar da ta kama aiki in koma in gyara, in ba haka ba 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa lissafin haraji, za ta same ni da bashi. Ya kuma ce kada in sa rai da kashi 6.2 na fansho da 1.45 na lafiyar tsofaffi, waɗannan fom bai taɓa su. Sauƙinmu ɗaya, jihar Texas ba ta karɓar harajin albashi.

Albashi biyu suka wuce kafin gyaran ya fito. Na buga takardar na ajiye mata a kan filo. Ta karanta, ta ɗauki hotonta da waya, ban tambaye ta wa ta tura wa ba.

Dala 76 ɗin nan yanzu ta Inna ce, duk mako biyu, kuɗin allura da gwajin jini. Jiya ta aiko da saƙon murya, muryarta ta ɗan yi ƙarfi. Ta ce gwaibar tsakar gida ta yi 'ya'ya har rassan na taɓa ƙasa, yara sun hana ta sakat. Ta sa mana albarka mai tsawo, sannan ta tambaya ko za mu zo babbar sallah. Sau uku muka saurara, ni da maiɗakina, har yanzu ban san amsar da zan ba ta ba.