Yashin da kakana ya watsar

Kakana ya ƙare ƙuruciyarsa yana wankin kuza a Bukuru. Kayan aikinsa kwano da ruwa, sai ido. Baƙin nan mai nauyi ya tara, sauran yashin a watsar. Ashe a cikin abin da ake watsarwa akwai wasu ƙwayoyi masu ruwan zuma, ana ce musu monazait, ɗauke da wasu daga cikin ma'adanai 17 da duniya ke rububinsu yanzu. Da ɗayansu, niyodimiyam, ake yin maganaɗisun da ke cikin lasifikar waya da injin motar lantarki.

Shekaranjiya na tuna da tsohon, ina karanta yadda ake nemansu a yau. A Afrilun 2022 aka harba tauraron ɗan'adam na Jamus mai suna EnMAP. Idonmu launi uku yake haɗawa, shi kuwa yana tsaga hasken da ƙasa ta mayar kashi fiye da 200. Niyodimiyam yana da wani hali: yakan shanye haske a wasu gurabe sanannu, wajen nanomita 740 da 800 (nanomita awo ne na tsawon zangon haske), sai a ga giɓi a ma'aunin. Da giɓin nan masana suka gane shi daga sama a mahaƙar Mountain Pass ta Kalifoniya a Amurka.

Na ɗan yi dariya a nan. Ai tun 1949 aka gano wurin, lokacin da na'urar Geiger (mai gano tururin nukiliya) ta wasu masu neman ma'adinin yuraniyom ta yi ƙara a kan duwatsun. Wato an yi wa tauraron jarrabawa ne a inda aka riga aka san amsa. Ban raina ba, haka gwaji yake. Amma fatar ƙasa kawai yake gani, kuma ɗigo ɗaya a hotonsa fili ne mai faɗin mita 30. Can hamada ce, dutse a fili. A Filato da damina, ciyawa zai ɗauko.

Mu abin da ya fi dacewa da mu jirgin sama ne mai tafiya ƙasa-ƙasa, yana auna tururin nukiliya da sinadarin toriyom ke fitarwa, tunda monazait ba ya rabuwa da shi. Tururin nan kuwa yana da illa ga jiki idan aka daɗe tare da shi. A kan tulin yashin nan muka yi langa muna yara, kuma da shi kawuna ya yaɓe ɗakin da na kwana ciki har na gama firamare.